Sai Tukunya

Ni na lalata injin da hannuna. Gara in faɗa tun farko, domin daga baya mata sun yi ta nema mini uzuri, wannan ta ce man fetur ne marar kyau, waccan ta ce tsufa ne, wata ma ta ce baki ne ya kama ni. Babu ko ɗaya. Ni ce, da sifana a hannu, da gaggawa.

Injin markaɗe ne ɗan madaidaici, mai shan fetur, irin wanda ake tayarwa da igiya. Maigidana ya saya mini shi shekara biyu kafin ya rasu, muna ƙauyenmu na wajen Sabuwa. Da zama ya gagara a can, kowa ya ɗaure abin da zai iya ɗauka, na bar gado, na bar turmi, na bar kaji, amma injin kam na ce ko a ka sai ya fita. A bayan babur aka ɗauko shi, ni na biyo da ƙafa har bakin titi. A Faskari na kama ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a ƙofar gida, na kafa shi. 'Ya'yana mata biyu suna ɗakunan mazajensu, don haka daga ni sai injin, kuma da shi nake rufa wa kaina asiri.

Ina da wa guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar da hatsi a Ƙanƙara. Tun da na fita takaba yake bina in koma gidansa. Ba mugu ba ne, matarsa ma mutuniyar kirki ce, ba wulaƙanci nake gudu ba. Zama nake gudu. Na san yadda abin yake: a ba ki ɗakin ƙurya, a aiko miki da tuwo a rufe, yara su riƙa ce miki Goggo, in sabulunki ya ƙare ki yi kwana biyu kina tunanin yadda za ki buɗe baki. Ni da na saba tun hantsi bai dubi ludayi ba mata sun jera robobi a ƙofata, ba zan iya ba.

Da ya gaji da ni sai ya kafa sharaɗi. Ya ce, “To, na ji kina da sana'a. Amma ranar da wanga inji ya mutu, ba ni son gardama, ki tattara ki taho.” Na ce na yarda. Na yarda ne don a raina injin ba zai taɓa mutuwa ba.

Abin ya faru wata Talata da hantsi. Ana biki a unguwa, markaɗe ya yi yawa, ga waken alala, ga kayan miya, ga gasarar kunu. Man da muke saya a galan bakin hanya yakan sa fulogi ya yi baƙi, sai inji ya fara tari ya tsaya. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kullum sai na kwance fulogin na kankare shi na mayar. Maigidana ya koya mini ƙa'idar: a bari inji ya huce, a fara ɗaura fulogin da yatsu har ya zauna, sannan a kawo sifana a ɗan matsa. Ran nan ban bari ya huce ba. Zafi ya hana ni riƙe shi da yatsu, wata uwar biki tana tsaye a kaina tana ce mini baƙi sun iso, sai na sa shi a bakin sifana na cusa na murɗa. Na ji ya yi tauri. Maimakon in tsaya, sai na ƙara masa ƙarfi, kamar yadda nake yi wa duk abin da ya yi mini gardama. Sai na ji ya saki sakwaf. Da na zaro shi, ga wani farin ƙarfe siriri ya nannaɗe a jikinsa, sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi.

Kan injin, wanda makanikai ke ce wa tof, da alminiyom ake yin sa, ƙarfe mai laushi, shi kuwa fulogi baƙin ƙarfe ne. In suka yi karo an san wanda zai ji jiki. Haƙoran ramin da fulogin ke bi ya shiga, su na cinye. Matan suka kwashe robobinsu suka nufi wani injin a bayan kasuwa. Uwar bikin ko sannu ba ta ce mini ba.

Na kira bakaniken unguwarmu, wani dattijo mai gyaran janareta da injin ban ruwa, wanda kowa ke ce wa Malam. Ya leƙa ramin, ya yi tsaki. Ya naɗa wa fulogin takardar cikin kwalin taba mai ƙyalli ya ɗaura, ya ja igiya. Injin ya yi ƙara sau biyu, fulogin ya yi tsalle ya bugi kwanon rumfa. Sai ya kwance tof ɗin gaba ɗaya, ya jefa mini shi a leda da baƙin mansa da komai.

“Hajiya, wanga sai tukunya,” in ji shi.

Ban gane ba. Ya yi mini bayani yana goge hannu. Masu zubin tukwane su ke sayen duk kan injin da ya lalace, su narkar da shi su zuba tukunyar miya. Saboda haka in bakanike ya ce abu sai tukunya, ya yi masa sallar gawa ke nan. Na ce to a sa wani tof ɗin mana. Ya ce irin injina ya tsufa, ko Funtuwa aka je da wuya a samu wanda zai zauna daidai, sabon inji kawai zan saya. Ya san ba ni da halin haka, ni ma na san ya sani.

“Ki yi haƙuri. Da ma wanga aiki ba na mata ba ne.”

Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo. Shekara shida ina kwance fulogin nan ina mayarwa ba wanda ya ce na iya, rana ɗaya na kuskure an tuna ni mace ce.

Ban gaya wa kowa ba, amma babbar ɗiyata ta ji, ita kuma cikinta ba ya riƙe magana. Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Yaya ne.

“Na ji abin da ya hwaru. Allah Shi mayar da alheri. Juma'a ta sama in an sauko masallaci ina tahe da mota. Ki ɗaure kayanki.”

Na ce, “Yaya, ai ba a gama dubawa ba.”

“Bakanike ya duba ko bai duba ba?”

“Ya duba.”

“To mi ya rage?”

Kwana tara ke nan ya ba ni. Biyu daga ciki na ɓata su a zaune cikin rumfa ina kallon injin ba kai, ina jin haushin kaina, ina jin haushin uwar biki, ina jin haushin Malam da takardar tabarsa. A rana ta uku, bayan azahar, idona ya faɗa kan ledar nan a gefen randa, baƙin mai ya tsiyaye ya ɓata mini ƙasa. Haushi ya sake taso mini. Na ce a raina, tun da sun ce tukunya ce, ai ni ba a taɓa fitar da tukunya da datti daga ɗakina ba. Ko wuta za ta shiga, sai ta shiga da tsabta.

Na ɗebo kalanzir da toka da soson ƙarfe na zauna. Na wanke bayansa, sannan na kifa shi na shiga cikin, don duk macen da ta san wanke-wanke ta san ciki ne wanki, baya ado ne. Cikin ya yi ƙanzon baƙi mai kauri. Na yi ta kankara, na yi ta gogewa, har farin ƙarfen ya fito. Ramin fulogin ya fasa har ciki, sai na nannaɗe tsumma a tsinke na zura na juya. Da na ɗaga shi sama in ga ko ya fita, haske ya ratsa ta ramin, sai na ga abin da ya sa na ajiye soson.

Daga ciki haƙoran lafiyarsu ƙalau. Na lissafa da tsinke, zagaye bayan zagaye, suna nan a jere ba abin da ya taɓa su. Na bakin waje ne kawai suka murƙushe, uku ko huɗu, suka toshe hanya. Malam ta waje ya leƙa, ta waje ya yanke hukunci, don cikin ya yi baƙin da ba a ganin komai, kuma bai taɓa zama ya wanke kan inji ba a rayuwarsa. Dariya ta kama ni, ni kaɗai a tsakar gida, har matar mai gidan haya ta leƙo ta ga ko lafiya.

Ni ɗiyar maƙera ce. Babanmu ba shi da ɗa namiji sai Yaya, shi kuma tun yana ƙarami hayaƙin maƙera ke sa shi tari, saboda haka ni na yi zuga har aka yi mini aure. Na sha ganin manoma sun kawo notin garmar shanu da haƙoransa suka danne. Baba ba ya jefarwa. Sai ya ɗauki ƙusa mai haƙori irin nasa, ya yi mata tsaga da magagari, ya shigar da ita ta ɓangaren da ke da lafiya, ya bi a hankali har ta fito ta ɓangaren da ya lalace. Haƙoran kirki su ke yi mata jagora, tsagar kuma ta share waɗanda suka kwanta. Shekara talatin ban tuna da wannan ba, sai ran nan ya dawo mini har da warin gawayin.

Matsalar ita ce fulogin injina gajere ne, in na shigar da shi ta ciki ba zai kai baki ba. Ina bukatar mai dogon wuya, irin na mota. Ranar kasuwar 'Yankara na naɗe tof ɗin a ɗankwali na shiga mota. Na nufi layin 'yan gwangwan, na tsuguna gaban wani mai tulin tsofaffin ƙarafa, na ce ina son mataccen fulogi mai tsawo.

“Matacce, Hajiya? Mi za ki yi da matacce?”

“Magani zan haɗa,” na ce masa. Nan take ya daina tambaya, ya ture mini kwano guda in zaɓa.

Na kwance ɗankwalin ina gwada su ɗaya bayan ɗaya ta ciki. Ashe maƙwabcinsa mai zubin tukwane ne, yana zaune tsakanin tukwanensa masu ƙyalli. Da ya hango farin ƙarfe a cinyata sai ya miƙo hannu.

“Kawo shi nan, Hajiya. An ma wanke mani shi. Wanga zai yi tukunyar mutum biyar.”

Na ce, “Baba, wanga ba ya dahuwa, niƙa yake yi.”

Ya yi dariya ya ce duk haka suke cewa, kuma duk hannunsa suke dawowa. Na ce to ya jira. Na samu fulogin da ya shiga da yatsu sumul, na ƙulle shi a bakin zane na dawo gida.

Magagari na aro wajen mai walda. Na fara karya ɗan ƙarfen da ke lanƙwashe a bakin fulogin, sannan na danne shi da ƙafa a kan dutse na fara tsaga. Tsaga uku na yi masa a tsaye, daga baki zuwa sama. Ya ci mini yini guda da fatar babban yatsa. Ban da giris, sai na lakato man kaɗanya na cika tsagogin, don garin ƙarfen da za a kankaro ya manne a ciki kada ya zauna a ramin.

Washegari bayan na karya na shimfiɗa tabarma a rumfa, na kifa tof ɗin a kan cinyata, na yi bisimilla. Da yatsu na shigar da shi ta ciki. Ya tafi, ya tafi, sai ya tsaya. Ya iso wurin ɓarnar ke nan. Na sa sifana, sai na dakata, don wannan sifanar ce, wannan hannun ne. In na sake yin ƙarfi na cinye na cikin, to shi ke nan, ba sauran wani ɓangare da za a shigo ta nan. Na ajiye, na sha ruwa, na dawo.

Na murɗa kaɗan, abin da bai kai rabin zagaye ba, na koma baya. Na sake matsawa kaɗan, na koma baya. In na yi haka sau uku sai in zaro shi gaba ɗaya, in share man da ya yi fari da garin ƙarfe, in sa sabo, in sake shiga. Ni da aka sani da faɗa da saurin hannu, ran nan na zauna ina lallashin ƙarfe. Mata biyu suka zo wucewa suka tsaya kallo, ɗaya ta ce wa ɗayar baiwar Allah abin ya taɓa ta. Na ji su sarai, ban ɗaga kai ba. Ana kiran azahar bakin fulogin ya leƙo ta waje.

Na wanke ramin da kalanzir sau uku. Na ɗauko fulogin injin na gaskiya, na sa ta waje yadda ya kamata, na murɗa da yatsu biyu. Ya bi hanya har ƙasa bai yi ko gargada ba. Na cire na sake sawa. Na yi haka ya fi sau goma, don daɗi kawai.

Mayar da kan inji ba aikina ba ne, akwai sandunan ciki da gaskit da ban san saitinsu ba, kuma ban da girman kan da zai sa in yi ƙarya. Na ɗauka na kai wa Malam a shagonsa, gaban abokan hirarsa. Na ajiye masa na ce ya gwada. Ya sa fulogin da yatsu, ya cire, ya ɗaga ramin ya duba a rana.

“Wa ya yi maki wanga?”

“Ni.”

“A'a, ina nuhin wa kika kai ma.”

“Malam, ni na ɓata, ni na gyara.”

Ya ce haƙoran baki sun rage ƙarfi, ba lallai su riƙe ba, in fulogi ya tashi ya fasa wa wani ido ba ruwansa. Na ce na ji, idona ne ya fi kusa. Ya biyo ni yana gunaguni ya ɗaura. Ya miƙo hannu zai ja igiyar, na ce a'a, ni zan ja. Ja na farko shiru. Na biyu ya yi tari. Na uku ya kama, rumfar ta ɗauki rawa kamar yadda ta saba. Muka tsaya muna kallon fulogin, yana nan daram. Malam ya tattara kayansa, ya kai bakin hanya ya juyo ya tambaye ni tsaga nawa na yi masa. Na ce uku. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Ban kira Yaya ba. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma da gangan na yi. So nake ya zo ya ji da kunnensa.

Ranar Juma'a da la'asar ina tsakiyar markaɗen waken awara wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Ya fito da babbar rigarsa ta masallaci, da ƙunshin igiya a hannu na ɗaure kaya. Ya tsaya yana kallon injin. Sai da na gama robar da ke ciki sannan na kashe, na wanke hannu, na durƙusa na gaishe shi.

“Ba an ce ya mutu ba?”

“Suma ya yi, Yaya.”

Na ba shi labarin duka, har da notin garma. Na zaci zai yi dariya, ko ya yi faɗa, na shirya wa duka biyun. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a kan benci, ya ajiye igiyar a gefensa. Sai a lokacin na lura gemunsa ya yi fari fat, kuma numfashinsa na fita da ƙyar daga ɗan takun da ya yi.

“Na sa an yi ma ɗakin siminti,” ya ce. “An huda mashi taga ta gabas, don na san ba ki son duhu.”

Na zauna a ɗaya gefen bencin.

“Ke gani kike don in ci da ke ne. Mu biyu muka rage. In na dawo kasuwa ba ni da wanda za ni ce ma ka tuna kaza, duk waɗanda suka san gidanmu sun tahi. Ke ɗai ta rage da ta san muryar Inna.”

Wallahi da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ji maganar har cikin ƙashina, kuma na san gaskiya ya faɗa. Shekara huɗu ina ganin yana so ya karɓe mini rayuwa, ban taɓa tunanin shi ne ke neman wani abu a wurina ba. Na so in ce masa to. Kalmar ta zo har bakina.

Na ce, “Yaya, zan riƙa zuwa. Amma ba ni komawa.”

Na kawo masa ruwa ya kurɓa, na ce ga tuwo yanzu, ya ce hanya ba ta son yamma. Ya miƙe ya ɗauki igiyarsa. Na raka shi har mota, ya shiga, bai leƙo ba. Motar ta juya, bayanta wayam, ta kama hanyar Ƙanƙara.

Ban yi nadama ba, har yau ban yi ba, kuma in aka maimaita abin da zan ce ke nan. Amma ba zan yi ƙarya in ce na ji daɗin nasarar ba. Akwai mata uku a rumfa da robobinsu suna jira. Na koma na naɗa igiyar a hannu na ja, na zuba wake, na sunkuyar da kai a kan injin don kada su ga fuskata.